Kawu Mai Ɗakin Agwagwa

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Kawu, yayan Inna, ya riga mu komawa a ƙarshen daminar bana, ranar wata Laraba da hantsi, a gidansa na Yelwa. Ina wurin aiki a Birnin Kebbi ƙanena ya kira ni. Kafin motar da na hau ta wuce Koko, an riga an dawo daga maƙabarta.

A kwanakin makoki na zauna cikin gida kusa da Inna da matar Kawu, ina kallon masu shigowa gaisuwa. Dangi da makwabta dai an san za su zo. Amma akwai fuskokin da babu wanda ya sani a cikinmu. Wata mata mai sayar da bandar kifi ta zo tun daga wajen Shanga, ta durƙusa gaban matar Kawu tana kuka kamar ubanta ne ya rasu. Sai da ta natsu ta gaya mana cewa wayar ɗanta marigayi ce ta taɓa faɗawa ruwa, masu gyara duk suka ce ta mutu, Kawu ya yi ta fama da ita har ya ciro mata hotunan yaron. Wata tsohuwa makwabciyarsu kuwa, bayan ta shafa addu'a, ta juya ga Inna ta ce, "Allah shi jiƙan Malam. Mutumin kirki na. Amma ni har ya bar duniya ban gane mi shi ka yi cikin ɗakin ga ba." Matar Kawu ta yi murmushi, karo na farko tun da na iso.

A waje, in ji ƙanena, rumfa ta cika da samari masu jakar kwamfuta a baya, wasu daga Zariya, wasu daga Minna, har da wanda ya taso daga Legas. Dattawan unguwa suna ta kallonsu suna tambayar 'ya'yan wane ne. Baban Wara ma ya zo daga garinsu Wara, aminin Kawu tun suna makarantar horon malamai. Kirista ne, tsohon malamin lissafi. Ya zauna a gefen tabarma da hularsa a kan gwiwa, in an ɗaga hannu ana addu'a shi ma ya ɗaga nasa. Bai taɓa abincin da aka kai masa ba. Abin da ya roƙa kawai a buɗe masa ɗakin Kawu. Ya shiga ya zauna shi kaɗai na ɗan lokaci, ya fito ya kama hanyar gida.

Wayar Kawu kuma ba ta huta ba. Ɗaya daga cikin samarin ya sanar da rasuwar a dandalin intanet inda Kawu yake aiki tare da wasu mutane, sai saƙonni suka riƙa shigowa, da Turanci da Faransanci da wasu harsunan da ban iya ba. Mutane ne da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, wasu ma ba su san tsoho ne ba. Na riƙa karantawa ina fassara wa Inna waɗanda na gane. Tana ta saurare, can ta ce a hankali, "Ashe da gaske Yaya ka yi."

Maganar nan ta Inna ce ta zaunar da ni rubutu. In ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya ta yi shekaru tana ɗauka wasa yake yi, me jikokinsa za su sani game da shi? Za su ji an ce wani tsoho ne mai gyaran kwamfuta, shi ke nan. Ni kuwa na san abin ya wuce haka.

An haifi Kawu a wani tsibiri da yanzu yake ƙarƙashin tafkin Kainji. Yana yaro aka fara aikin madatsar ruwa. Yakan ba mu labarin wasu mutane da suka zo a jirgin ruwa da wata na'ura mai ƙafa uku, suna leƙawa ta cikinta, suna kafa turaku masu jan fenti a gonakin mutane. Ya yini yana bin su yana roƙon a bar shi ya leƙa, suka kore shi. Babu wanda ya gaya wa mutanen garin abin da na'urar take gani, sai da ruwa ya zo ya tsaya daidai inda turakun suka nuna. Kawu ba ya ba da labarin nan da ɗaci. Yakan ce gida dai an ba su wani, leƙen da aka hana shi ne har ya tsufa bai huce ba.

Ya koyar da kimiyya a makarantun sakandare na Yelwa da Birnin Yauri, har ya yi ritaya. Duk wanda ya zauna ajinsa ya san kalmominsa biyu. In aka kawo masa abin da ya lalace, sai ya ce, "Buɗe mu gani." In aka yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa, sai ya ce, "Ban sani ba tukuna." Wannan "tukuna" ɗin ba ya barinta ko sau ɗaya. A gida kuwa "buɗe mu gani" ba ƙaramar ɓarna ta yi ba. Rediyon Inna, agogon bangon zaure, dutsen gugar matarsa, duk ya buɗe ya gani, ba kuma duka ne suka koma yadda suke ba. Matar Kawu takan ɓoye sabon abu a ƙarƙashin gado har sai ta ɗan more shi.

Gab da ritayarsa wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa da faifai daga Zariya. A lokacin kwamfutocin makarantar da yake koyarwa duk sun durƙushe, manhajar da ke kansu ta sata ce, kullum tana neman wata lambar izini da babu mai ita. Kawu ya sa faifan a ɗaya daga cikinsu, ta tashi garau. Amma abin da ya hana shi sukuni shi ne bayanin da ya karanta a ciki: wai wannan manhaja kyauta ce, kowa yana iya kwafa ya ba wani, kowa kuma yana iya buɗe rubutun da aka gina ta da shi, ya karanta, ya gyara, ya sake rabawa. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suke haɗa hannu suna gina ta, yawancinsu ba su san juna ba. Matarsa ta ce ranar ya dawo gida yana maimaita mata bayanin kamar wanda aka yi wa bushara, ita kuwa tana ta tankaɗen garinta. Wannan rubutu na cikin manhaja shi Kawu ya sa wa suna "hanji". Har yau yaran da suka tashi a hannunsa, ko a manyan ofisoshi suke, hanji suke ce masa.

Da ya bar aiki sai ya share ɗakin da ke kusa da zaure, ya tara tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka yasar, ya haɗa wannan da wancan har wasu suka tashi. Ya kafa sola a kan rufi da batir na tsohuwar mota. In an kunna kwamfuta, hoton wani tsuntsu na ƙasar ƙanƙara yakan bayyana, mai farin ƙirji da baki rawaya, alamar manhajar ke nan. Yaran unguwa ba su san shi ba, suka ce agwagwa ce. Kawu ya yi bayani har ya gaji, ƙarshe shi ma ya koma cewa Ɗakin Agwagwa.

Ina 'yan mata na fara zuwa, ni da ƙannena maza biyu. Ranakun da babu makaranta da safe na mata ne, ƙofa a buɗe, matar Kawu tana zaune bakin ƙofa da ƙwaryar gyaɗarta. Akwai wasan tseren mota a kwamfutocin, agwagwar nan ce direba, kuma shi ne ya fi jan yara. Kawu bai hana ba, shi kansa yana bugawa, yana karkata jiki duk inda motar ta karkata har hularsa ta faɗi. Doka ɗaya ya kafa: duk wanda ya yi wasa, kafin ya tashi sai ya buɗe hanjin wasan ya canza wani abu. Launin mota, ko gudunta, ko sunan da ke fitowa a allo. In wasan ya lalace, kai za ka zauna ka nemo abin da ka ɓata. Na tuna ranar da na canza lamba ɗaya tak, motata ta tashi sama ba ta dawo ba. Kawu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya jawo kujera ya tambaye ni me nake jin lambar nan take riƙewa. A nan na fara jin maganar ƙarfin da ke jawo abu ƙasa ta shiga kaina, abin da allon makaranta ya kasa.

Wata rana ya aike mu bakin ruwa muka ɗebo masa ruwan tafki a kwalba. Ya ciro wani ɗan ƙaramin gilashi daga cikin mataccen injin faifai, ya manna shi a kan idon kyamarar waya, ya ɗiga ruwan a kan gilashin taga. Muka leƙa. Ruwan da muke gani tas, ashe gari ne guda: wasu halittu suna juyi, wasu suna iyo da gashi, wata tana haɗiye 'yar'uwarta. Inna ta shigo neman mu, ya ce ta zo ta gani. Ta leƙa sau ɗaya ta ja da baya tana salati. Ranar ko da za ta sha ruwa sai da ta rufe ido, daga ranar kuma ba a ƙara shan ruwan tafki a gidanmu ba sai an tafasa. Ni kuwa na kasa ɗauke ido. Aikin da nake yi yau a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, daga wannan ɗigon ruwa ya samo asali.

Baba bai ga abin haka ba. Mahaifinmu ma'aikacin gona ne, mutum mai tsari, mai son karatu, ba ya kwana bai karanta jarida ba. Wata Asabar da yamma ya biyo sawun ƙannena, ya same su suna tsere. Ya gaishe da Kawu da ladabi, kamar yadda ake gaida yayan mata, sannan ya ce, "Yaya, karatu na turo su, na iske su suna tseren agwagwa." Kawu bai yi gardama ba. Ya ce 'ya'yansa ne, shi ke da iko, ya rako shi har bakin titi. Ƙannena ba su ƙara zuwa ba. Ni dai Baba bai hana ni ba, don bai taɓa kawo wa ransa cewa ni ma ina wasan ba. Ya ɗauka ɓarar gyaɗa nake taya matar Kawu. Tsakaninsa da Kawu kuwa gaisuwa ta ci gaba, amma hira ta ragu.

Rigimar da ta fi girma a rayuwar Kawu da amininsa ya yi ta, kuma a kan dara. Su biyun tun suna samari suke buga dara, a ƙasa, da karare da tsakuwa, kuma tun suna samari suke musu a kan doka ɗaya. Kawu ya ce in mutum ya jera 'ya'yansa uku, abokin wasa ba shi da ikon cin ɗaya daga cikin jerin nan. Baban Wara ya ce a garinsu ana ci, kuma haka kakansa ya koya masa. Da Kawu ya ƙware a rubuta manhaja, sai ya ɗauki kusan shekara yana gina wasan dara na kwamfuta, wanda mutum zai iya karawa da injin. Ya sa shi a intanet, hanjinsa a buɗe, da sanarwar cewa kowa ya ɗauka ya yi yadda ya so. Dokarsa ya sa a ciki, ba shakka. Wasan yana da aibi ɗaya da ya gagare shi: in wasa ya yi nisa, wani lokaci injin sai ya sandare, ba ya gaba ba ya baya.

Baban Wara yana da jika mace da ke karatun kwamfuta a Birnin Kebbi. Da ta zo hutu ya sa ta kwafi wasan, ta canza dokar zuwa tasu, ta sa masa suna Darar Wara, ta mayar intanet. Ta rubuta sunan Kawu a sama a matsayin wanda ya fara ginawa, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Kafin a jima samarin Wara da Ngaski duk ita suke bugawa a wayoyinsu.

Ban taɓa ganin Kawu cikin fushi irin na lokacin ba. Ya ce an shiga gidansa an juya masa gado. Ya ce amini ba ya yi wa amini haka, ko sallama babu. Ya daina ɗaga wayar Baban Wara. Shi kuma da ya ga haka ya daina kira. Damina guda ta wuce, mutanen da ba sa mako biyu ba su haɗu ba, ko gaisuwa ba ta shiga tsakaninsu. Jikar ta aiko da saƙon ban haƙuri, ta ce za ta sauke nata, Kawu bai amsa ba. Mu duka mun san shi ne ba shi da gaskiya, amma wa zai gaya masa?

Matarsa ce ta gaya masa. Ina gidan ranar, na zo hutu. Ta ajiye masa abincin rana, ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, shekara nawa kana cika muna kunne da kowa shi ɗauka, kowa shi gyara? Ashe kowa ɗin ban da mutanen Wara." Ba ta jira amsa ba ta koma madafa. Kawu ya zauna bai taɓa abincin ba. Can ya tashi ya shiga Ɗakin Agwagwa, ya sauko da Darar Wara, ya buɗe hanjinta, yana neman kuskuren da zai kafa hujja da shi. Abin da ya samu daban ne. Yarinyar ta gano abin da ke sandarar da injin, ta gyara shi da layi kaɗan, ta kuma rubuta bayani a gefe cikin ladabi, yadda duk mai karantawa zai gane.

Ranar kasuwar Wara ya ce in raka shi. Muka bi ta ruwa, don hanyar mota ta lalace. Kawu ba ya shiga jirgi sai da rigar ruwa mai hana nutsewa, tasa ta kansa, kuma sai ya yi wa duk fasinjojin wa'azi a kanta, suna jin sa suna kallon gefe. Muka sami Baban Wara a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa. Suka gaisa kamar baƙi, doguwar gaisuwa, gida da iyali da ruwan sama, babu mai kallon wani. Sai Kawu ya ce ya zo neman izini ne, yana son ya ɗauki gyaran da jikarsa ta yi ya sa a cikin nasa wasan.

Baban Wara ya dube shi ya ce, "Kai da bakinka ka ce ba a neman izini."

Kawu ya ce, "Na ce. Ban san yana da zafi haka ba."

Baban Wara ya yi dariya har da tari, ya sa aka kira jikar. Kawu ya yi mata tambayoyi a kan gyaran kamar ɗalibi gaban malami, ya sa mata albarka. Sannan tsofaffin biyu suka share ƙasa suka tona ramuka, suka fara dara. Ba a yi nisa ba musun dokar ya tashi, sabo fil, kamar ranar suka fara shi. Ba su taɓa sasanta wannan ba. Abin da aka yi dai, jikar ta haɗe wasannin biyu, in ka buɗe sai ya tambaye ka dokar Yelwa kake so ko ta Wara. Kawu ya amince, da sharaɗin ta Yelwa ce a sama.

Bayan wannan da 'yan shekaru idon Baba ya fara mutuwa. Hawan jinin ido ne, an gano shi a makare. Muka yi yawon asibiti, Sakkwato da Kaduna, ƙarshe likita ya gaya mana gaskiya. Baba ya dawo gida ya shige ɗaki. Mutumin da bai taɓa kwana bai yi karatu ba, yanzu sai ya jira wani ya sami sukuni ya karanta masa, shi kuwa ba mai son roƙo ba ne. Ya daina fita masallaci don ba ya son a ja masa hannu. Abinci sai Inna ta yi da gaske. Ya rame har rigunansa suka yi masa yawa. Wata rana na ji yana gaya wa Inna cewa shi yanzu jira kawai yake yi. Tsoro ya kama mu ƙwarai.

Kawu ya zo da wata tsohuwar kwamfutar cinya a jakar buhu. Ya zauna bakin gadon Baba ya ce akwai manhajar da ke karanta rubutu da murya, an yi ta don makafi, ita ma a buɗe take. Kawu ya sa mata labarin Hausa. Muryar ta fara, da lafazin Bature, tana tauna kalmomi kamar mai cin ɗanyen rogo. "Ƙasa" da "kasa" duk ɗaya ne a wurinta, in ta zo kan ɗ ko ɓ sai ta tsallake. Baba ya saurara kaɗan ya ce, "Yaya, kashe ta. Wanga ba Hausa ba ce." Kawu ya kashe. Ya mayar da ita jaka, ya ce, "Ba ta iya ba tukuna."

Abin da ya biyo baya matarsa ce ta ba ni labari. Ya buɗe hanjin muryar, ya sami inda ake rubuta mata yadda za ta furta kowane harafi, ya fara koya mata Hausa. Abin da bai gane ba ya tambayi mutanen nan na intanet, su ne masu saƙonnin da muka karanta a makoki. Wani a wata ƙasa mai nisa ya nuna masa yadda suka yi da nasu harshen. Jikar Baban Wara ta kama masa ta wani gefen. Yakan yini yana maimaita "ƙ, ƙ, ƙ" a gaban kwamfuta, har makwabta suka aiko tambaya ko ƙashin kifi ne ya maƙale masa. Lokacin shi kansa ba lafiya ce ta ishe shi ba, ƙafafunsa sun fara kumbura, amma duk Juma'a bayan masallaci sai ya hau babur ɗin haya ya zo gidanmu da jakarsa.

Dabarar da ya yi ita ce ta fi ba ni mamaki. Bai taɓa ce wa Baba taimakonsa ya zo yi ba. Cewa ya yi shi ke neman taimako, don kunnensa ya tsufa, kuma a dangi babu mai Hausar Baba. Sai ya kunna muryar, Baba ya ce nan ta ja wasali da yawa, nan ta sauke murya inda ya kamata ta ɗaga. Da farko daga kwance yake gyaran. Daga baya ya fara tashi zaune. Wata Juma'a Kawu ya makara, muka ji Baba yana tambayar Inna ko lafiya, har ya sa a fitar masa da kujera tsakar gida ya jira shi. Inna ta shiga madafa ta yi kukanta a can.

Da muryar ta fara faɗa daidai, sai wani abu ya fito fili. Tun da Kawu ne ya rubuta mata ƙa'idoji, Baba kuma ya gyara, Hausarmu ta nan ta ɗauka. In an rubuta "fara" sai ta ce "hwara", in an rubuta "fata" ta ce "hwata". Da Kawu ya sa aikin a intanet, wani bawan Allah daga Kano ya rubuto yana ƙorafi cewa wannan ba daidaitacciyar Hausa ba ce. Kawu ya amsa masa da fara'a, ya nuna masa layin da zai canza, ya ce ya kwafa ya yi ta Kano, in ya gama ya aiko su ji. Ya karanta wa Baba amsar, suka yi ta dariya su biyu.

Baba ya koyi madannai da yatsunsa. Yanzu da kansa yake buɗe labarai da safe, ya saurari littattafansa, ya aika wa ƙannena saƙo yana gyara musu rubutu. Ya koma masallaci, da sanda, ba mai ja masa hannu. Har dara yake bugawa da injin, muryar tana gaya masa inda kowane ɗa yake. Maganar ranar da ya janye 'ya'yansa daga Ɗakin Agwagwa kuwa, Kawu bai taɓa tayar da ita ba, ko da wasa. Sau ɗaya Baba ya fara kawo ta, Kawu ya katse shi da tambayar yadda ake furta wata kalma.

Ganina na ƙarshe da Kawu, watan da ya gabaci rasuwarsa ne. Yana kwance a zaure, an jingina shi da matasai, numfashi yana yi masa wuya. Ya riga ya miƙa ragamar ayyukansa na intanet ga waɗanda za su ci gaba, ya raba kwamfutocin ɗakin ga makarantu biyu na unguwa, ya bar guda uku don yara. Na kawo masa sakamakon gwajin jininsa, ina niyyar in ɗan sassauta masa bayani. Ya miƙo hannu ya karɓi takardar ya karanta da kansa, ya tambaye ni ma'anar kowane layi, ban ɓoye masa komai ba. Ya gyaɗa kai ya ce ya gode, ya fi son ya sani. Sannan ya tambaye ni wane irin madubi muke amfani da shi yanzu a wurin aiki, har nawa yake ƙara girman abu. Na gaya masa. Idonsa ya yi haske kamar na yaro, ya ce in Allah ya ba shi lafiya zai zo in bar shi ya leƙa. Allah bai nufa ba.

Mun gode wa Allah da ya ba mu shi. Allah ya gafarta masa, ya yafe kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya bari a buɗe ya zame masa sadaka mai gudana. Allah ya ba matarsa da 'ya'yansa da Inna da amininsa haƙurin rashinsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

A nan na tsaya da rubutun, a kan kwamfutar Baba na yi shi, a tsakar gidanmu. Da na gama ya ce in sa muryar ta karanta masa tun daga farko. Ya zauna da sandarsa tsakanin gwiwoyi yana saurare. Ya gyara mini wuri biyu: ya ce ba Asabar ba ce ranar da ya je ɗaukar ƙannena, Lahadi ce, kuma ya daɗe da sanin ba gyaɗa nake ɓara ba. Na bar Asabar ɗin yadda na tuna ta. Da muryar ta iso kan addu'a ta ce, "Allah ya gahwarta masa," Baba ya ajiye sandar ya ɗaga hannuwansa biyu, yana amsa mata da amin har ta kai ƙarshe. Ya shafa a fuska, ya daɗe bai sauke hannun ba.

Sannan ya ce, "Mai da ita baya, ɗiyata. In ƙara jin wurin ga."